FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Kwamfutar Haɗin Hannu Mai Manhajar Apple, Cutarta Da Maganinta

Garin Bwari, wanda yake arewa da birnin Abuja, ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa neman shiga jami'a a ƙasar nan, domin a nan ne hedkwatar Hukumar JAMB take, hukumar da aka kafa cikin 1978. A nan ne kuma Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta mai da mazauninta daga Ikko cikin 1997, ga kuma Jami'ar Veritas. Tun daga 2015, lokacin da JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir ta koma ta kwamfuta ɗungurungum, sai wannan na'ura ta zama hanyar cin abinci ga ɗimbin samari a yankin. Daga Bwari zuwa Dutsen Alhaji har Kubwa, ga shagunan buga takardu, ga masu yi wa ɗalibai rajista, ga masu tace hotunan biki, ga masu gyara.

A cikin wannan sana'a akwai wani reshe da ba kowa ne ya san shi ba, amma yana cin kuɗin masu sha'awarsa, yana kuma hana su barci. Shi ne a haɗa kwamfuta da hannu, ko a sayi ta gwanjo irin su Dell da HP, sa'an nan a ɗora mata macOS, watau babbar manhajar da kamfanin Apple na Amurka ya yi domin kwamfutocinsa kaɗai. Irin wannan kwamfuta ita ake yi wa laƙabi da Hakintosh. A wannan mako filin zai dubi inda abin ya samo asali, da cututtukan da suka fi kama irin wannan inji, da yadda ake gano su, kana da tambayar da ta fi kowace muhimmanci: shin har yanzu ya dace mutum ya zuba kuɗinsa a ciki?

ABIN DA YA SA AKE YI

Dalilin bai wuce tsada ba. Akwai ayyukan da ba sa yiwuwa sai da macOS. Wanda yake so ya rubuta manhajar da za ta yi aiki a wayar iPhone tilas ne ya bi ta kan Xcode, ita kuwa ba ta zama a kan Windows. Haka nan Final Cut Pro ta masu tace fim, da Logic Pro ta masu haɗa sauti. Saurayin da ya koyi ɗaya daga cikin waɗannan, in ya je kasuwar Banex da ke Wuse ya ji kuɗin Mac, sai jikinsa ya yi sanyi. Alal misali, ƙaramar kwamfutar nan Mac mini da Apple ya fitar a ƙarshen 2024 an yanka mata dala 599 a Amurka. A lokacin dala ɗaya ta kai naira 1,600 ko fiye, watau kusan naira miliyan ɗaya ke nan kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi kuwa da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ashe ko ma'aikaci ya tara albashin shekara guda cur bai taɓa ko kwabo ba, ba zai kai ba. Wannan ne ke sa a koma ga dabara.

Ita dabarar ta samu ƙofa ne cikin Yuni 2005, sa'ad da Steve Jobs ya ba da sanarwar cewa Apple zai bar ƙwaƙwalwar PowerPC ya koma ta Intel, irin wadda sauran kwamfutocin duniya ke amfani da ita. A watan Janairu 2006 aka fara sayar da Mac mai Intel. Da yake kayan ciki sun zama kusan iri ɗaya, masu hikima suka ga babu abin da ya raba Mac da sauran kwamfutoci sai 'yan shingaye kaɗan, suka shiga neman hanyar tsallake su. Aka yi ta ƙirƙiro manhajojin jagora, waɗanda ke tashi tun kafin macOS ta farka su shirya mata fage. An yi zamanin Chameleon, aka yi na Clover, daga 2019 kuma OpenCore ta karɓi ragama.

Ya kamata mai karatu ya fahimci aikin wannan jagora, domin a nan ne rabin cututtukan suke. MacOS tamkar baƙuwa ce mai tsananin zaɓe, wadda ba ta sauka sai a gidan da ta sani. Da ta farka takan nemi wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira SMC, wanda ke cikin kowace Mac mai Intel yana lura da fanka da zafi da wuta. Takan kuma tambayi sunan injin da lambarsa. To, jagoran shi ne ke tsayawa a ƙofa yana ba ta amsar da take so ta ji. Yana ɗauke da 'yan ƙananan direbobi masu sunan da ke ƙarewa da .kext: akwai VirtualSMC mai kwaikwayon wancan guntun ƙarfe, akwai WhateverGreen mai daidaita hoto, akwai AppleALC mai tada sauti, sa'an nan akwai Lilu wadda duk waɗannan ke dogara da ita, dole kuma ita ce za ta fara shiga. Dukan umurnin yana rubuce cikin fayil guda mai suna config.plist. Harafi ɗaya in ya kuskure a cikinsa, inji ba zai tashi ba.

KAFIN A ZARGI MANHAJA

Babban kuskuren masu gyara shi ne gaggawar taɓa config.plist alhali cutar tana jikin ƙarfe ne. A ƙasa irin tamu akwai abokan gāba uku da ya kamata a fara tuhuma: wuta, da ƙura, da zafi.

Wutar lantarkin Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin kwamfutocin gwanjo suna da ɗan jan makunni a bayan akwatin wutarsu mai nuna 115 ko 230. Wanda ya jona irin wannan inji bai duba ba, ƙara ɗaya zai ji da ƙauri, shi ke nan. Ban da wannan, ɗauke wuta ba zato yana lalata abin da ake cikin rubutawa a faifan ajiya. Shi jagoran nan yana zaune ne a wani ɗan ƙaramin sashe na faifan da ake kira EFI, wanda tsarinsa tsoho ne, ba ya jure yankewar wuta yana tsakiyar aiki. Haka kuma sabunta macOS kan sa inji ya mutu ya tashi sau da yawa, kuma in wuta ta tafi a tsakani ana iya rasa komai. Saboda haka UPS mai batir mai rai, da sitabilaiza ga mai aiki da janareta, sun fi kowane direba muhimmanci.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan toshe fanka ta kwanta a kan ram. Zafin bazara na Maris da Afrilu kuma yakan busar da man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta. Injin da ke mutuwa da kansa bayan rabin awa yana tace fim, sau da yawa ba laifin macOS ba ne. A buɗe shi, a hure ƙurar, a cire ram a goge a mayar, a sake shafa man. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a jikin madabod, mai lamba CR2032. In ya mutu, agogon inji kan koma shekarun baya, saitin BIOS duk ya goge. Da yake macOS na duba kwanan wata kafin ta yarda da fayil ɗin ɗora ta, sai ta ce fayil ɗin ya lalace alhali lafiyarsa lau. Batir na 'yan kuɗi kaɗan ya sha sa mutane sake sauke manhaja mai nauyin fiye da gigabait 12, data ta ƙone a banza.

Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a ɗora wa injin Windows ko Linux a bar shi ya yi aiki mai nauyi yini guda. In ya faɗi a can ma, to ƙarfe ne ba shi da lafiya. In ya tsaya daram, sai a juyo kan manhaja.

A SA INJI YA YI MAGANA

Mac ta gaske in tana tashi tambarin tuffa kawai take nunawa da ɗan layi yana tafiya. Wannan ado ne, amma ga mai gyara makanta ce. Abu na farko da gwani ke yi shi ne ya sa -v cikin umurnin tashi, sai tuffa ta kau, inji ya riƙa zayyana duk abin da yake yi layi bayan layi. In an ƙara debug=0x100 da keepsyms=1, to ko ya firgita ba zai mutu ya sake tashi nan take ba, zai tsaya a inda ya faɗi har a ɗauki hoton allon da waya a karanta a tsanake. Layukan ƙarshe su ne ke nuna inda ciwon yake.

In ya tsaya tun da wuri, a kan layin da ke ɗauke da EXITBS:START, to macOS ba ta ma karɓi ragama ba. Galibi saitin BIOS ne ko na jagoran bai dace da madabod ɗin ba. A shiga BIOS a kashe Secure Boot da Fast Boot da CSM, a kashe CFG Lock in akwai shi a fili, a kunna Above 4G Decoding da XHCI Hand-off, a tabbata kuma faifan ajiya yana kan AHCI, ba RAID ba. Kwamfutocin ofis na Dell da yawa sukan zo a kan RAID, shi ya sa macOS ba ta ganin faifansu sam.

In kuwa rubutun ya dagule aka ga da'ira da layi ya ratsa ta, irin alamar hana shiga, to macOS ta nemi faifan da za ta tashi daga kansa ta rasa. In daga filas ake ɗorawa, sau da yawa kafar USB ɗin ce ta ɓace mata a tsakiyar tafiya, sai a mai da filas ɗin wata kafa ta baya. In ya tsaya a kan PCI Configuration Begin, a sake duba Above 4G da kuma agogon madabod, domin sababbin madabod na Intel suna da wani irin agogo da macOS ba ta sani ba, sai an sa ɗan gyaran da ake kira SSDT-AWAC. In kuma ya yi nisa har ya kai layin IOConsoleUsers sa'an nan ya tsaya, ko allo ya yi baƙi ƙirin alhali fanka na juyawa, to an zo kan babbar cuta, watau hoto.

MATSALAR HOTO

A nan ne aka fi asarar kuɗi, domin akwai kayan da babu wata dabara da za ta sa su yi aiki. Katin hoto na Nvidia shi ne abin alfaharin masu wasannin kwamfuta, amma tsakaninsa da Apple an daɗe da raba gari. Irin su GTX 1050 da 1060 iyakarsu High Sierra ta 2017. Daga Mojave ta 2018 ba a sake samun direbansu ba. Tsofaffin da suka rage, irin su GT 710 mai ƙwaƙwalwar Kepler, an sallame su a Monterey ta 2021. Dukan jerin RTX kuwa ba su taɓa aiki ba. Wanda ya sayi irin wannan kati domin macOS ya sayi abin da ba zai amfane shi ba.

Katin AMD shi ne ya dace, amma shi ma da iyaka. RX 570 da RX 580 suna aiki ba tare da wahala ba, RX 6800 ta samu shiga a Big Sur, RX 6600 kuma a Monterey. Waɗannan na baya sukan ba da baƙin allo har sai an sa agdpmod=pikera cikin umurnin tashi. Jerin RX 7000 ba su da direba ko kaɗan, domin sun fito ne bayan Apple ya juya baya.

Mafi yawan kwamfutocin gwanjo ba su da katin hoto na dabam, da na cikin furosesa suke aiki. A nan dokar ita ce: Intel daga ƙarni na 10 zuwa ƙasa akwai hanya, daga ƙarni na 11 zuwa sama babu, sai an sayo katin AMD. Furosesar da lambarta ta ƙare da F ba ta da hoto a cikinta ko kaɗan. Ventura ta 2022 kuma ta rufe ƙofa ga furosesar da ta girmi ƙarni na 4. Akwai wani abu ƙarami da ke wahalar da mutane a shagunanmu musamman: yawancin allunan gwanjo da shuɗiyar wayar nan ta VGA ake jona su, macOS kuwa galibi ba ta kula da wannan kafa. Mutum zai kwana uku yana canja saiti, alhali maganin shi ne ya koma kafar HDMI ko DisplayPort, ko ya sayi ɗan abin da ke juya DisplayPort zuwa VGA.

SAUTI, KAFOFI DA INTANET

Bayan inji ya tashi, sai ƙananan cututtuka su biyo baya. Sauti yakan ƙi fita saboda kowace madabod da yadda aka ja wayoyinta. AppleALC tana da lambobi da yawa ga kowane guntun sauti, sai a riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar alcid har a dace. Sai dai a Tahoe ta 2025 Apple ya cire tsohon direban sautin da wannan dabara ke jingina da shi, saboda haka da yawa suka koma amfani da ɗan katin sauti na USB.

Kafofin USB kuwa suna da nasu sirri. MacOS ba ta ƙirga fiye da kafa 15 a kan kowane mai sarrafa su, kuma kowace kafar USB 3 biyu take a lissafi, domin tana ɗauke da tsohuwar hanya da sabuwa. Madabod ta zamani takan haura wannan adadi, sai a ga wasu kafofin sun mutu, ko filas na tafiya da saurin hawainiya. Akwai wata gajerar hanya ta ɗage iyakar, amma ta taɓa lalacewa a Big Sur 11.3. Maganin gaskiya shi ne a zauna a zana taswirar kafofin da USBToolBox, a jona filas a kowace a ga lambarta, a zaɓi 15 a bar saura. Wannan aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne kuma ke warkar da cutar nan ta injin da aka sa barci ya farka nan take, ko ya ƙi farkawa.

Intanet ta waya ba ta da wuya: IntelMausi ga guntun Intel, RealtekRTL8111 ga na Realtek. Wi-Fi ce mai rikici. Shekaru da yawa katin Broadcom, irin wanda ke cikin Fenvi T919, yana aiki kamar na Mac ta gaske, har Sonoma ta 2023 ta zo ta cire direbansa. Katin Intel yana da nasa direba mai suna itlwm wanda 'yan sa kai suka rubuta, amma ba ya ba da duk abin da na Apple ke bayarwa. Ga mai shago, waya daga rauta zuwa inji ta fi kwanciyar hankali. A kula kuma da faifan ajiya: Samsung PM981, wanda ake yawan cirowa daga laftof a sayar da araha, sananne ne wajen firgita macOS.

Wanda ya haɗa Windows da macOS a inji ɗaya zai lura agogonsa na kuskurewa da awa guda duk lokacin da ya sauya. Ba aljani ba ne. MacOS na ajiye lokacin GMT a madabod, Windows kuwa lokacin gari take ajiyewa, Nijeriya kuma tana gaban GMT da awa ɗaya. Ya fi kyau kowace a ba ta faifanta, domin Windows in tana sabunta kanta takan taɓa sashen EFI ta ture jagoran.

LADUBBAN GYARA

Duk gwanin da ya daɗe a wannan aiki yana da ƙa'idoji da ba ya ketarewa. Na farko, ba a canja abu biyu a lokaci guda. A canja ɗaya, a tada inji, a rubuta abin da ya faru a littafi. Wanda ya canja biyar inji ya tashi bai san wanne ne magani ba, in ya faɗi kuma bai san wanne ne dafi ba. Na biyu, ranar da inji ya tashi lafiya, a kwafe jakar EFI a filas na musamman a ajiye a aljihun tebur, kada a ara wa kowa. Duk wani sabon gwaji a kan wani filas za a yi shi. Na uku, kada a ɗauko jakar EFI ta wani a liƙa, ko da sunan injin ɗaya ne, domin BIOS ɗinsu na iya bambanta, kuma za a gaji kurakuran da ba a san asalinsu ba. Na huɗu, kafin a sabunta macOS a fara sabunta OpenCore da direbobinta, a bi config.plist da ocvalidate, ɗan abin binciken da ke zuwa tare da ita, a kuma kashe sabuntawa ta kai tsaye. Na biyar, aikin mutane, ko hoton biki ne ko kundin ɗalibi, kada ya kwana a faifai ɗaya tak. Time Machine tana cikin macOS kyauta, faifan waje kawai take bukata.

Akwai kuma gargaɗi game da macOS ɗin da wasu suka riga suka yi wa kwaskwarima suna rarrabawa, da manhajojin sata da ake loda wa mutane a kasuwa. Ba a san abin da aka cusa a cikinsu ba. Tun a Janairu 2009 aka kama wata muguwar manhaja ɓoye cikin kwafen sata na iWork, wadda ke buɗe wa ɓarayi ƙofar inji. Mai shagon da ke riƙe da hotuna da lambobin ɗalibai da bayanan bankin jama'a, amana ce a hannunsa. Haka nan lambar inji: jagoran yana bukatar a ba shi lamba irin ta Mac, amma ɗaukar lambar Mac ta gaske ta wani mutum zalunci ne, yana kuma iya jawo a rufe asusun Apple na mai yin haka.

INDA DOKA TA TSAYA

Tun da ana maganar garin da ake horar da lauyoyi, bai kamata a tsallake wannan ba. Yarjejeniyar da kowa ke amincewa da ita kafin ya ɗora macOS ta ce a fili ba a yarda a sa ta a kan injin da ba na Apple ba. Cikin Afrilu 2008 wani kamfani mai suna Psystar a jihar Florida ta Amurka ya fara sayar da kwamfutoci ɗauke da manhajar Apple. A watan Yuli Apple ya kai ƙara, a Nuwamba 2009 kotun tarayya ta ba Apple gaskiya, aka tsayar da diyyar kimanin dala miliyan 2.7, aka kuma hana kamfanin ci gaba da wannan ciniki. A nan gida, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin Maris 2023, tana kare manhajar kwamfuta, ta kuma hana karya makullin da mai abu ya sa wa abinsa. Saboda haka akwai tazara mai faɗi tsakanin ɗalibin da ke gwaji a ɗakinsa domin neman sani, da ɗan kasuwar da ke haɗa inji yana sayarwa da sunan Mac. Na biyun ya haɗa laifi biyu, ya taka haƙƙin kamfani, ya kuma yaudari mai saye, wanda zai ga injinsa ya mutu ranar da ya danna sabuntawa bai san dalili ba.

RANA TA YI YAMMA

Duk wannan bayani yana da amfani ga wanda ya riga ya mallaki irin wannan inji. Amma ga mai shirin haɗa sabo, akwai labarin da ya wajaba ya ji. Cikin Yuni 2020 Apple ya ba da sanarwar barin Intel ya koma ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, a Nuwamba kuma M1 ta fito. A Yuni 2023 ya daina sayar da Mac ta ƙarshe mai Intel. A Yuni 2025 kuma ya faɗa ƙarara cewa macOS 26, mai suna Tahoe, ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel, tare da alkawarin gyaran tsaro na shekara uku, watau zuwa wajen 2028. Ƙofar da aka buɗe a 2005 ke nan ake rufewa. Babu jagoran da zai iya sa manhajar da aka rubuta domin ƙwaƙwalwar Apple ta tashi kai tsaye a kan Intel ko AMD, domin yarensu ma ba ɗaya ba ne. Mai rubuta manhajar iPhone shi zai fara jin zafin, saboda Apple kan ɗaga sharaɗin Xcode da yake karɓa lokaci lokaci, sabuwar Xcode kuma takan nemi sabuwar macOS.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shawarar da ta dace ta kasu uku. Wanda injinsa ke aiki lafiya, ya bar shi a inda yake, ya kiyaye filas ɗinsa na EFI, ya ci moriyarsa har iyakar kwanansa, yana tara kuɗin canji a hankali. Wanda ke da kuɗin haɗa sabo, ya auna su da farashin Mac mini ko MacBook Air ta hannu mai M1 ko abin da ya biyo bayanta, wadda ba ta cin wuta sosai, abin da mai aiki da inbata ko sola zai yaba. Sai dai ya tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud a gabansa kafin ya biya, in ba haka ba ya sayi akwati a kulle. Wanda kuwa ba Xcode ko Final Cut ko Logic yake bukata ba, ya sani Premiere da DaVinci Resolve da Photoshop duk suna aiki a kan Windows, tsohon injin da Windows 11 ta ƙi kuma Linux za ta karɓe shi kyauta ba tare da karya dokar kowa ba.

Ba za a ce wahalar da samari suka sha a kan Hakintosh ta tafi a banza ba. Wanda ya iya karanta layukan tashin inji, ya san aikin BIOS, ya saba da canja abu ɗaya ya jira sakamako, ya samu ilmin da zai ci abinci da shi a kowace cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da kowane ofis a Abuja, inda ake da ɗaruruwan injuna masu bukatar mai lura da su. Abin da ya rage shi ne masu gyara su riƙa gaya wa masu kawo musu aiki gaskiyar lamarin tun kafin a karɓi kuɗi.

A mako mai zuwa filin zai duba yadda ake gwada laftof ta gwanjo a gaban mai sayarwa, daga batir har zuwa faifan ajiya.